Tari a Tanti na Shida

Talata, 8 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Sun rufe daji.

Da hantsi aka manna takarda a ƙofar shiga, wai babu mai zuwa kallon biran cimfanzi sai yadda hali ya yi. Tari ya shiga cikinsu. Baƙinmu biyar suka dawo da takalmansu fes, ko taɓo babu, suka zauna a rumfar cin abinci kowa ya yi tagumi. Na zuba musu matoke, dafaffiyar ɗanyar ayabarmu, da miyar gyaɗa, rabi ya dawo mini kicin.

Shekarata goma sha ɗaya ina girki a masaukin nan, ban taɓa ganin an rufe ba. Adyeeri Kajumba, mai masaukin, ta bi tanti-tanti da sandarta tana ba su haƙuri. Ta ce duk mai son ya kwana ya kwana, gadon nasa ne. Tsohuwar nan ko gobara ce ta tashi sai ta fara tambayar ko kowa ya sha shayi.

Yayana Araali bai biyo ta nan ba yau. Shi ke bin sawun biran, shekara ashirin da shida ke nan, kuma kullum sai ya leƙo kicin ya ce abincina gishiri ya yi yawa.

Laraba, 9 ga Oktoba, ƙarfe shida na safe

Na wanke zanin gadon tanti na shida. Babu wanda ya kwana a ciki tun ƙarshen watan jiya, amma na wanke.

Juma'a, 11 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Araali ya zo. Ya tsaya can bayan igiyar shanya da takunkumi a fuska, ya ƙi matsowa. Ya ce yanzu shi da likitar dabbobi kaɗai aka yarje wa shiga, don haka ba ya kusantar kowa.

Na ce, "Araali, ni ma kuturwa ce? Matso ka karɓi abincinka."

Ya ce, "Ajiye a kan kututture, Abwooli. Ke kullum baki gaba."

Birai goma sha huɗu ke tari. Ya lissafo mini su da suna, kai ka ce 'ya'yan maƙwabta ne. Tsoho Magezi ya kasa hawa bishiya, a ƙasa ya shimfiɗa ganye ya kwana, abin da bai taɓa yi ba. Nyamata ma ta kamu, ita da jaririyarta 'yar wata takwas da ba a ko raɗa wa suna ba.

Mutumin nan ban san da me aka yi shi ba. Tun duhu yake fita ya isa ƙarƙashin gadajen ganyen da suke yi a kan bishiya kafin su farka, ya tsaya a ruwan sama yana rubuta wanda ya yi tari da sau nawa ya yi. Daga sautin tarin kaɗai yake gane mai shi. Lokacin da muke yara, in akuyar Baba ta ɓata shi ake turawa, ya duba ciyawa kawai ya ce ta nan ta bi. Ni kuwa ko tsintsiyar da na ajiye da hannuna sai na yi ta nema.

Na tambaye shi daga ina ciwon ya zo. Ya ce, "Daga wurinmu mana. Murar da za ta kwantar da ke kwana biyu, su kashe su take yi."

Na sani. Ni ce ke faɗa wa baƙi haka kowace safiya.

Lahadi, 13 ga Oktoba, bayan an tashi daga coci

An yi wa birai addu'a. Wasu suka yi dariya, matan da biran suka taɓa cinye wa rake suka yi tsaki. Adyeeri ta juya ta dube su sau ɗaya, wurin ya yi tsit.

Ni ban iya cewa amin da ƙarfi ba.

Litinin, 14 ga Oktoba, ƙarfe uku na rana

Babu baƙo ko ɗaya. Tantuna takwas a jere, ruwa na ta bugun rufin ciyawar da ke samansu. Na zauna ina kallonsu, kuma har yau ina son wurin nan, kada in yi ƙarya. Manyan masaukan da ke kan tudu suna da kwamin wanka da tagar gilashi, mu namu bokitin ruwan zafi ne da fitilar rana. Amma wa ke zuwa can? Mu nan malaman makaranta ke zuwa, da ɗalibai, da ma'aikatan asibiti 'yan ƙasa. An sha ba Adyeeri shawara ta ƙara kuɗin kwana. Takan ce, "Dajin kakanninmu ne, sai ɗan ƙasa ya kasa kwana a bakinsa? Ku rabu da ni."

Tanti kuwa ba ya rufa wa kowa asiri. Minshari, faɗan mata da miji, kukan ciki, duk ana ji ta jikin tamfol. Shi ya sa tun ranar da na fara aiki Adyeeri ta ce mini, "Ke ce kunnen gidan nan. Ke ke kai ruwan zafi da asuba. In kin ji tari ko atishawa, ki faɗa mini kafin a ɗaura takalmi. A ƙofar daji tambaya kawai suke yi, mutum kuwa in ya zo daga nesa bakinsa ba ya faɗin gaskiya." Mutum nawa na tsayar a shekarun nan? Sun fi ashirin. Har wata Baturiya ta taɓa jifana da cokali.

Na sake share tanti na shida.

Laraba, 16 ga Oktoba, ƙarfe ɗaya na rana

Magezi ya mutu.

Alhamis, 17 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Adyeeri ta kira ni ta nuna mini saƙo a wayarta, tana murna, wai ko a cikin baƙin ciki akwai abin daɗi. Daga Malam Wamboga ne, tsohon malamin nan na Mbale da ya kwana biyu a wurinmu a ƙarshen Satumba. Bai ji labarin rufe daji ba tukuna. Ya turo hoton da aka ɗauke shi a ƙarƙashin ɓaure, hularsa a karkace, bakinsa har kunne.

Dattijon kirki. Shekara talatin da huɗu yana koya wa yara labarin cimfanzi daga wani hoto guda da ke bangon aji, bai taɓa ganin mai rai ba. 'Ya'yansa suka haɗu suka sama masa takardar izinin shiga ta rana ɗaya tak, ya yi wuni biyu a bas, da jaka ɗaya da laima. Ya zo kicin ya taya ni ɓare wake yana kirana "'yata". Ya ce matarsa ta so zuwa tare da shi, bara ta rasu.

A ƙarshen saƙon ya rubuta: "A gaida mini 'yata mai kicin, shayinta ya yi mini rana."

Adyeeri ta ce, "Kin ji? Har Mbale an san shayinki."

Na ce wake na kan wuta.

Asabar, 19 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Masu tarin sun kai ashirin da biyu. Uku sun mutu. Araali ya rame, wandonsa sai da ya ƙara huda ɗamara. Na ajiye masa tuwon tamba a kan kututture, ya ci loma biyu yana tsaye.

Ya ce Nyamata ta fara cin 'ya'yan ɓaure, amma jaririyar ba ta iya riƙe gashin uwar, sai uwar ta tallafe ta da hannu ɗaya ta yi tafiya da uku. In ta tsaya sai ta sa yatsa ta share mata majina. Yana ba ni labarin yana murmushi a cikin takunkumi, idonsa ne ya nuna. Ya ce, "Abwooli, ko ke ba ki kai ta iya raino ba."

Na ce, "Sai ka koma can ta riƙa dafa maka."

Ya yi dariya, ta farko a kwana goma. Daga nan ya ce akwai abin da ke damunsa. A satin ƙarshe na Satumba jikarsa ta yi mura, shi ya goya ta zuwa asibiti. Shi bai ji komai a jikinsa ba, washegari ya shiga daji kamar kullum. Ya ce ya lissafa kwanakin, sun yi daidai.

Na ce kwanaki ai ko da me ka auna su sai su yi daidai. Ya ce, "Wa kuma? Duk baƙin da na shiga da su a satin nan daga nan suka fito, kuma ke kika saurare su. In kin ce lafiyarsu lau, ni ko tambaya ba na sake yi."

Na kwashe kwanon na shige ciki.

Lahadi, 20 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

Ban je coci ba. Na ce kaina ke ciwo.

Talata, 22 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Na zubar da cittar da ta rage a kicin. Adyeeri ta tambaya, na ce ta ruɓe. Ba ta ruɓe ba.

Na cire zanin gadon tanti na shida na sake wankewa. Yatsuna duk sun tsattsage da sabulu. Tsohuwar ta tsaya tana kallona daga baranda. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, 24 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Jaririyar Nyamata ta mutu jiya da rana. Araali yana tsaye yana gani.

Juma'a, 25 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Dole in rubuta wannan.

Ina fere matoke a bakin kicin ya zo, ya ajiye takarda a kan kututture ya ɗora dutse a kai, ya ja da baya. Ya ce, "Duba mini wannan, Turancinki ya fi nawa. Kada su yi mini dariya a ofis."

Takardar ajiye aiki ce. Layi shida. Ya rubuta cewa shi ya kai ciwon cikin daji saboda sakaci, kuma mutumin da ya yi haka bai cancanci ya sake tsayawa a ƙarƙashin gadonsu ba. Zai miƙa ranar Litinin.

Na ce, "Araali, ka haukace? In ka bar daji me za ka yi, kiwon kaji?"

Ya ce, "Kaji ma ai rai ne. Ke dai gyara mini rubutun."

Wayyo Allah. Mutumin da ko ranar aurensa sai da ya leƙa daji da safe. Na dubi takardar, na dubi danƙon ayaba da ya baƙanta mini yatsu, sai kawai na ji bakina yana magana.

Na gaya masa. Asubar ranar da Malam Wamboga zai shiga daji, na kai ruwan zafi tanti na shida, na ji shi yana tari. Ba tarin ƙura ba, na ƙirji. Na tsaya da bokiti a hannu. Ya leƙo, idonsa ja, ya gane na ji. Bai roƙe ni ba, da ya roƙa wataƙila da na iya ƙi. Cewa kawai ya yi, "Shi ke nan, 'yata, na san doka," ya zauna a bakin gado ya fara kwance igiyar takalmin da ya ɗaura tun ƙarfe huɗu. Ni kuma na koma kicin na daka citta da tafarnuwa, na matsa lemun tsami, na zuba zuma. Na tafasa ganyen zaiti na lulluɓe shi da bargo ya yi sirace. Na ba shi zuma a 'yar kwalba na ce ya riƙa lasa a hanya. Da Adyeeri ta tambaye ni a wurin karin kumallo, na ce kowa lafiya lau.

Araali bai motsa ba. Sannan ya ce, "Komuhendo."

Tun da aka haife ni bai taɓa kirana da sunan yanka ba. Mu nan ko maƙiyinka ka gaishe shi da sunansa na girma, irin su Abwooli da Araali. Da mari ya kwaɗa mini da ya fi.

Ya ce, "Sau nawa kika ga ina lissafa kwanakin jikata?"

Na ce sau biyu.

Ya ɗauki takardarsa ya ninke ya tafi. Abincin da na ajiye masa yana nan a kan kututture, tururuwa sun same shi.

Asabar, 26 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Na gaya wa Adyeeri. Tana tsefe kanta a baranda, ba ta ko ajiye matajin ba.

Ta ce, "Na ga kina wanke zani ɗaya sau huɗu. Ina jira ne in ga ranar da zai fita."

Na ce in ta ce in tattara kayana, babu laifinta.

Ta ce, "Ki tattara ki je ina? Ki bar ni da abin kunyar ni kaɗai? Ɗauko mini takalmina da mayafi, ofis za mu."

Na ce za su iya hana masaukin kai baƙi. Ta ce, "Su hana. Ni ba zan ci abinci a kan wuyan yayanki ba."

Ƙarfe uku na rana

Da ƙafa muka je, ita da sandarta, cikin yayyafi. Ta ƙi hawa babur. A gaban likitar dabbobi da shugaban masu gadi ta fara magana kafin ni. Ta ce dokar gidanta ce aka karya, don haka kanta za a fara ɗora wa. Sannan ta dafa kafaɗata ta ce, "Faɗa musu, kada ki rage."

Na faɗa. Likitar yarinya ce ƙarama, amma ta san aikinta. Ta rubuta komai, ta karɓi lambar Malam Wamboga. Ta ce babu mai iya rantsuwa daga ƙirjin wa ciwon ya fito, sai dai dattijon ya fi awa ɗaya a ƙasan bishiyar da su Nyamata suke, kuma su ne suka fara. Ta ce an gwada Araali tun farko ba a sami komai ba, an gaya masa, ya ƙi yarda.

In an buɗe daji, masaukinmu zai yi wata uku ba ya kai kowa. A hanyar dawowa Adyeeri ta ce dama rufin tanti na biyu da na bakwai na yoyo, ga lokacin gyara ya samu. Na fashe da kuka a tsakiyar gonar shayi. Ta ce in yi sauri in gama, ƙafarta na ciwo.

Lahadi, 27 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Bai zo ba. Gobe Litinin, ranar da Araali zai miƙa takardar.

Ina ta tunanin dattijon can in wayarsa ta yi ƙara. Shi ma na cuce shi.

Litinin, 28 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na yamma

Bai zo ba. Matarsa ta ce ya fita tun duhu da takardar a aljihun gaba. Ko ya biya ofis, ba ta sani ba.

Laraba, 30 ga Oktoba, ƙarfe sha biyu na rana

Da sassafe ina hura wuta na ji an buga gwangwani a bayan kicin. Shi ne. Ya jefo mini takunkumi sabo a leda ya ce, "Sa wannan. Biyo ni, amma ki bar taku ashirin tsakaninmu."

Ba daji muka shiga ba. Ta gefen gonar shayi muka bi har inda fadama ta raba mu da bishiyoyi. Ya ajiye madubinsa na hangen nesa a kan dutse ya matsa. Ya ce in duba ɓauren da ya karkata, reshe na biyu.

Na daɗe ina lalube kafin na same ta. Nyamata ce, tana zaune ta jingina da gindin reshe. Jaririyar na kan cinyarta. Kwana bakwai da mutuwa, ta bushe, ta zama kamar tsumman da aka manta a rana. Uwar tana tsefe mata gashi a hankali, tana kore ƙuda da bayan hannu. Ta tsinko ɓaure ta ci rabi. Da za ta sauya reshe sai ta ɗauke ta ta saɓa a wuya, ta dafe da hannu ɗaya don kada ta faɗi.

Ban san lokacin da na durƙusa a cikin raɓa ba. Na ce, "Araali, ka yafe mini."

Ya ce, "Ba don in hukunta ki na kawo ki ba. Kwana bakwai ina kallon wannan ni kaɗai, na gaji. Kuma da ni ne na ga tsohon nan yana kwance takalmi, ban san abin da zan yi ba. Ina so in ce da na hana shi. Ban sani ba."

Na tambaye shi har yaushe za ta riƙe ta. Ya ce wata takan yi sati, wata wata biyu, sai ran da ta ga dama ta ajiye.

Na ce, "Takardar fa?"

Bai juyo ba, idonsa na kan bishiyar. Ya ce, "Ran da za ta ajiye ta, dole wani ya kasance a wurin ya ɗauko a binne. In baƙon fuska ne ba za ta bari ya matso ba."

Sai Nyamata ta sauko ta nufi cikin daji. Ya miƙo hannu daga nesa, na mayar da madubin kan dutse na ja baya. Ya ɗauka, ya gyara takunkuminsa, ya shiga fadamar har gwiwa ya bi ta.